Adon Itacen Kirsimati Daga Gona

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, sau da yawa mukan ce darasin aikin hannu ya gagara don babu kayan aiki. To, ga wani aiki wanda kayansa duka suna zube a gona bayan girbi, wato adon itacen Kirsimati. A gidanmu nan Minna kowace shekara ake yinsa, can kuwa na koya.

Yara da yawa suna tsammani sai ƙwallayen nan masu walƙiya na kanti su ne adon gaske, na kara kuwa na matalauta ne. Ya kamata malami ya fara gyara wannan tunani da ɗan tarihi. Al'adar daga ƙasashen Jamusawa ta fito. A 1605 wani ya rubuta yadda mutanen birnin Strasbourg suke kafa itace a ɗaki, su rataya masa tuffa da furannin takarda. Ƙwallayen gilashi ba su zo ba sai wajen tsakiyar ƙarni na 19, daga wani gari wai shi Lauscha. A Ingila kuwa abin ya bazu ne bayan 1848, sa'ad da wata jarida ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Albat da 'ya'yansu kewaye da itacensu. Har wa yau a Jamus ana saƙa taurari da karan hatsi, a Suwidin kuma akan yi ɗan akuya da shi. Ashe su ma daga gona suka faro.

Mu nan Disamba lokacin kaka ne. An yanke dawa, doya ta cika kasuwannin Paiko da Gwada, kara kuwa ba mai hana ka ɗiba. Abin da na fi so a koya wa yara shi ne ɗan rumbu. A sami karan dawa busasshe, a feƙe ɓawon a tsaga shi siri-siri, a ajiye. Totuwar da ta rage a yanka ta guntu-guntu, tsawon yatsa. Guntu ɗaya shi ne jikin rumbu. A soka masa tsinke huɗu na ɓawon nan su zama ƙafafu, sa'an nan a ɗaure 'yar ciyawa a bisa ta zama jinka, a zura zare na ratayewa. Ba gam, ba ƙusa. Da haka ake yin fartanya da garma da saniya. Mahaifina ba ya yarda a rataya fartanyar da ƙotarta ta miƙe sak, wai manomi zai yi mata dariya. Ina ganin yana da gaskiya, gama yaron da zai gyara ƙotar tilas ya je ya dubi ta gaske da kyau.

Mata a gidanmu sukan shirya gyaɗa mai ɓawo a zare kamar tsakiya, su ja auduga su lulluɓe 'yan tumaki. In ana son ja, karan dafi ya isa. Itacen kansa ba wuya: reshe busasshe mai rassa da yawa, a kafa shi cikin tukunya cike da yashi. Kowace shekara muna ƙara abu guda na amfanin da ya fi kyau a gonarmu, mu rubuta shekarar a gindinsa.

Ajinmu fa akwai Musulmi akwai Kirista. Kada malami ya tilasta wa kowa itace. Rumbu rumbu ne. Wanda ba ya bikin sai ya kai nasa gida ya rataya a ɗaki, makinsa kuwa daidai da na kowa.

Reza ta zauna a hannun malami in yaran ƙanana ne, don ɓawon kara ma kansa yana yanka. Kada kuma a kunna kyandir kusa da itacen, gama da hunturu busasshen kara ba ya jiran wuta ta yi masa sallama. Bayan biki a zuba kayan cikin gwangwani mai murfi, a ɗora bisa, inda gara ba za ta kai ba.