Ga Ɗalibin Kemistiri Mai Son Binciken Makamashi

Ɗalibai da yawa sukan haddace littafi su ci jarrabawa, amma hannunsu bai taɓa haɗa komai a ɗakin gwaji ba. Wannan kuskure yana da tsada, domin malamin da zai karɓe ka a digiri na biyu zai fara tambayarka: me ka taɓa haɗawa, da wace na'ura ka auna shi?

Tun kana aji biyu, ka roƙi wani malami ya sa ka cikin aikinsa, ko da da wanke kwalabe za ka fara. Kada ka raina lissafi da fiziks. Batirin litiyam, wanda ya sa Goodenough, Whittingham da Yoshino suka sami kyautar Nobel a 2019, ba ya fahimtuwa sai da waɗannan darussa biyu. Lokacin SIWES, wato horon sanin makamar aiki na ɗalibai, nemi gurbi a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato.

Sannan ka kama matsala ɗaya ka riƙe ta gam, misali yadda zafin bazara ke rage wa batirin sola kwana. Ga litiyam ana haƙowa a Nasarawa, muna bukatar masu ilimin sarrafa shi a gida. Ka fara a zangon karatun nan.