Darasi na 17: Idan Bayan Gida Ya Sāke

Bayan gida abu ne da ba a son ambatonsa cikin taro. Amma yau za mu ambace shi, domin yakan ba mutum labarin abin da ke cikin cikinsa tun ciwo bai kwantar da shi ba.

Kowa da irin nasa sabo. Wani yana zagayawa sau 3 a yini, wani sau 3 a mako, kuma duka lafiyarsu lau. Abin lura shi ne sākewar sabon da mutum ya san kansa da shi. Wanda ya ci wake ya ƙoshi, ko ya yi tafiya ya sha baƙon ruwa, cikinsa yakan ɓaci kwana 1 ko 2, sa'an nan ya daidaita. Wannan ba abin damuwa ba ne. Haka taurin ciki na 'yan kwanaki. Maganinsa shan ruwa da yawa, da cin ganye irin su zogale da rama da miyar kuka.

Zawo shi ne mutum ya yi bayan gida ruwa-ruwa sau 3 ko fiye a yini ɗaya. Haɗarinsa shi ne yana tsiyaye ruwan jiki, ƙaramin yaro kuwa ruwan jikinsa kaɗan ne. Mata sukan ce haƙori ne, su zauna jira. Ba haƙorin ne ke kawo zawon ba. A lokacin nan yaro yana rarrafe, kome ya tsinta sai baki, daga nan ƙwayoyin cuta ke shiga.

Da zawo ya fara, a ba da ruwan gishiri da sukari. Wanda ake samu a ƙunshi a asibiti ko kemis ya fi. In babu, a sami tafasasshen ruwa lita 1 da ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali 6, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Cokalin a shafe, kada a yi masa tozo. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Kada a hana shi nono ko kunu. Malamin asibiti zai ƙara masa ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14.

Amma in idanun yaro sun zurma, maɗigarsa ta faɗa, ya daina fitsari, ya kasa sha, ko aka tsungule fatar cikinsa ta ƙi komawa da sauri, to, ku ɗauke shi sai asibiti, ko da tsakar dare ne. Haka babba in zawonsa ya zama kamar ruwan wankin shinkafa, ga amai. Wannan alamar kwalara ce, cutar da ta sake shigowa Afirka ta Yamma a 1970. Tana iya kashe ƙato cikin yini guda.

Yanzu sai maganar jini. Nan ne mutanenmu suka fi yin sakaci. Da an ga jini sai a ce basir ne, a tafi kasuwa wurin mai magani a sayo jiƙo. Gaskiya ne basir yana kawo jini. Amma atini ma yana kawowa, tare da majina da murɗar ciki. Ciwon daji na hanji shi ma da jini yake fara nuna kansa, kuma sau da yawa ba ya zafi da fari. Mai magani na kasuwa bai duba ka ba, ina zai san wanne ke gare ka? Mutum yakan shekara yana shan jiƙo, ciwo yana girma a ɓoye. Alhali dajin hanji, in an kama shi da wuri, ana yanke wurin mutum ya warke.

Bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, mai ɗoyi, shi ma jini ne, daga tumbi ya gangaro. Sai dai ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu ciki tana baƙanta shi, wannan ba kome. Fari kuwa kamar farar ƙasa, ga idanu sun yi ɗorawa, hanta ce ko matsarmama. Dukansu na likita ne.

In sabonka ya sāke har mako 3 bai koma ba, yau zawo gobe tauri, ko kana ji kamar ba ka gama ba, ko kana ramewa ba dalili, je a duba ka, balle in ka wuce shekara 50. In ciki ya kumbura, ba bayan gida, ba tusa, ga amai, hanji ne ya toshe. Kada a ba da maganin wankin ciki, kada a kwana.

A gaban likita ban da kunya. Faɗa masa ranar da abin ya fara, sau nawa a yini, wane launi, da maganin da ka riga ka sha. In ya ce ka kawo bayan gida a ɗan kwalba a auna, ka kawo na ranar.

Tambayoyi

1. Sukari cokali nawa ake zubawa a ruwa lita 1?
2. Faɗi alamu 3 da za su sa a kai yaro mai zawo asibiti.
3. Ban da basir, me ke kawo jini a bayan gida?