Yadda Ake Cin Kifi a Bakin Ruwa a Miga

Wanda ya saba da gidajen abinci na Kano ko Abuja, inda za a miƙo masa takardar jerin girke-girke ya zaɓa, ya ajiye wannan tunanin a gida idan zai tafi Miga. A fadamar kogin Haɗeja, kai ne za ka haɗa liyafarka da kanka: ka sayi kifi a hannun masunci, ka kai wa mai suya, ka nemi inuwa. Ga yadda ake yi.

Da farko ka zaɓi lokaci. Kogin Haɗeja yana tasowa ne daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, cikarsa ta dogara da damina da kuma sakin ruwa daga can sama. Agusta da Satumba watannin ambaliya ne. A 2020 da 2022 ruwa ya ci gonaki da gidaje a Miga da maƙwabtanta irin su Auyo da Kafin Hausa, har wasu ƙauyukan sai da kwale-kwale ake shiga. Ba lokacin yawon cin daɗi ba ne. Ka bari sai ruwa ya fara janyewa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Kifin da ya bazu cikin fadama ya yi ƙiba yana tattaruwa a tafkuna da gulabe, masunta na kama shi da yawa, hanya ta bushe, sauro ya ragu. A lokacin ne kuma tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai suke sauka a dausayin Haɗeja da Nguru, wanda ya sa dausayin Baturiya da ke cikinsa ya shiga jerin Ramsar na muhimman dausayoyin duniya a 2008.

Miga na cikin masarautar Dutse, kuma ta Jahun ake shiga. Daga Dutse sai ka bi Kiyawa. Daga Kano kuwa ka bi hanyar Haɗeja ka ratse a Gujungu. Ka sha mai ka cika tanki tun a babban gari, ka riƙe tsabar kuɗi, ƙanana-ƙanana, domin masunci ba ya yawo da na'urar cirar kuɗi.

Batun kwana shi za ka fara warwarewa kafin ka tashi. Masaukin baƙi mai ɗaki da banɗaki da janareta sai a Haɗeja ko Dutse za ka fi samunsa cikin sauƙi, ka kwana can ka yi sammako. In kuwa a Miga kake son kwana, to ta hannun mutum ake bi: aboki, ko malamin makaranta, ko ma'aikacin ƙaramar hukuma da zai sauke ka. 'Yan kasuwar kifi a yankin nan sun daɗe da wannan tsari, kowane baƙo da fatomansa, wanda zai ba shi wurin kwana kuma ya tsaya masa a ciniki. Ka tafi da gidan sauronka da bargo, don sanyin bakin ruwa da asuba ba wasa ba ne. Ka riƙe wa maigida tsaraba, ko goro ko sukari da ganyen shayi, kuma in ya ce ku je ku gai da mai unguwa, ka tashi ku je.

Da an idar da sallar asuba ka nufi mashaya, inda masunta ke fitowa da abin da ragarsu da malinsu suka kwana suna tarawa. Kafin hantsi, 'yan sari sun kwashe na kirki. Kada ka faɗa wa kifi da tambayar kuɗi. Ka yi sallama, ka ce, "Baba, sannu da sanyi, ya ruwa?" Ya amsa, sannan ka tsuguna ka duba.

A nan ne ake gane wanda ya san kifi. Ɗaga marfin kunnensa ka leƙa: in jawur yake, na yau ne, in ya koma ruwan ƙasa yana yauƙi, ajiye shi. Idonsa ya zama garau ya ɗan fito waje. Danna gefensa da yatsa, naman ya dawo nan take. Tarwaɗa kuwa sai mai rai, tana motsi a cikin daro. Ka lura da wani abu guda: in ka ga tarwaɗa jere girmansu ɗaya, duk sun yi tumbi, to ta kiwo ce aka kawo daga wani wuri. Ta kogi ba ta zuwa kai ɗaya, wata babba wata ƙarama, namanta ya fi tauri, kitsenta kaɗan.

Wanne za ka saya? In suya kake so, karfasa. In farfesu ne, tarwaɗa ko kurungu, sai dai ka yi hattara da ƙayar bayan kurungu, tana suka ba sauƙi. Giwan ruwa ya yi wuya yanzu. In ka ci karo da shi kada ka tsaya dogon ciniki. Gaiwa tana da masoyanta, amma a ganina baƙon da bai saba ba ya fara da karfasa tukuna. Kashi-kashi ake sayarwa, manya kuma ɗai-ɗai. Ka taya, masunci ya ce albarka, ka ƙara, har ya sallama. Ka nemi gyara, ba laifi ba ne. Sai dai ka tuna mutumin nan ya kwana cikin ruwa, kuma ciyawar kachala ta toshe masa rabin wuraren da ubansa yake su, don haka kada ka matse shi.

Daga nan sai wurin mai suya, yawanci a bakin kasuwa ko tasha. Ka ce, "Inna, ga kifi a soya mini," ku yi jingar kuɗin mai da itace da aikinta kafin ta sa wuƙa. Ka tsaya ka ga an kankare ɓawon, an farke cikin, an wanke da ruwan famfo ko na rijiya. Tarwaɗa da ruwan zafi ko toka ake cire mata yauƙi. Ka leƙa kaskon: man da ya yi baƙi ƙirin an soya kifin kwana uku da shi, gara ka biya a zuba sabon man gyaɗa. Karfasa a tsattsaga gefenta, a shafa gishiri, a bari ta soyu har jelarta ta yi ƙaras-ƙaras. Yaji daga baya ake barbaɗawa, da yankakkiyar albasa da tumatir na lambun fadama. Farfesu yana ɗaukar lokaci, don haka ka ba da shi tun da safe ka dawo bayan azahar, ka ce a sa citta da masoro da kanumfari, kada a yi ta juyawa kifin ya dagargaje.

Abin haɗawa ba ya wuya a ƙasar shinkafa: tuwon shinkafa, ko waina, ko dafa-duka. Ka sa a zuba a kwano mai murfi, ka ari tabarma, ka koma gindin bishiya kusa da ruwa, nesa da inda shanu ke sauka sha. Duk wanda ya gitta ka ce masa bismilla. Yara za su taru. Ka sayi kifin da ya fi cikinka tun farko.

Ruwan sha ka zo da naka. Kada ka wanke hannu ko ka shiga wanka a kwantaccen ruwan fadama, tsargiya a nan take kama mutum. In an yi maka tayin zagaya a kwale-kwale, ka ƙirga mutanen ciki da ido, in ya yi maƙil ka jira na gaba, kuma ku fito kafin magariba.

Kafin ka juya gida, ka biya kasuwar kifi ta Haɗeja, wadda ake loda banda daga cikinta zuwa kudancin ƙasar nan, ka sayi tsaraba. Ɓalla guda ka duba ciki, kada ka ga gari ko ƙwari. Ka sunsuna sosai: ƙamshin hayaƙi kawai ya kamata ka ji. In ka ji warin fiya-fiya, an fesa maganin ƙwari ne, bar shi komai arha. Wanda ka saya a naɗe maka shi a takarda cikin kwali, domin leda tana sa shi gumi ya yi fumfuna, kuma da ka isa gida a shanya shi a rana.