Hawan jinin da ma'aunin hannu ba ya gani

A aikina na duba marasa lafiya a Sule Tankarkar, ina yawan ganin mace tana haki daga ƴar tafiyar ɗebo ruwa, ƙafafu sun kumbura, amma ta ce, "Likita, an auna ni, ba ni da hawan jini." Gaskiya ta faɗa. Na'urar da muke ɗaurawa a hannu ba ta ganin abin da ke faruwa a jijiyoyin huhu. Idan suka tsuke, ɓangaren dama na zuciya ne ke ta fama wajen tura jini, har ya buɗe ya gaji. Shi ne hawan jinin huhu.

Da wuya ya zo shi kaɗai. A nan, yana biyo bayan sikila, ko tarin fuka da ya bar tabo a huhu, ko tsargiyar hanji, ko shekarun shaƙar hayaƙin itace a madafi. Wanda ya fi ci mini rai shi ne na ciwon maƙogwaron yara. Ana raina shi, ba a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, sai bayan shekaru ya lalata ƙofofin zuciya, yarinya ta zo da cikinta na fari ba ta iya kwanciya sai a jingine. Penisilin mai araha zai iya hana wannan tun farko.

Idan ana irin wannan haki, kada a yi ta shan maganin asma wata da watanni. A je Babban Asibitin Gumel a duba jini, a ɗauki hoton ƙirji. In an ga alama, a nemi takardar zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano don hoton zuciya da ake kira eko. Tun 2022, matsakaicin ma'aunin da ya wuce 20 a jijiyar huhu shi ake ɗauka cuta.

Magani yana bin sanadi: a magance tarin, a kashe tsargiyar, a ba da maganin rage ruwan jiki. Sildenafil, wanda ake sayarwa a kemis da sunan maganin maza, yana taimakon wasu, amma ga mai sikila yana tayar da ciwon ƙashi, don haka sai likita ya rubuta. Matar da aka tabbatar tana da cutar kuwa, ta zo tare da maigidanta mu yi maganar ɗaukar ciki, domin juna biyu na iya halaka ta.