Wasiƙa Zuwa Ga Ɗan Ƙanwata Da Tsararrakinsa

Ɗana, mahaifiyarka ta kawo mini kukanta a kanka. Ta ce kakan ci tuwon dare ka ƙoshi, amma da ka shige ɗaki ka ɗauki waya, can sai ka fito kana laluben Indomie da lemun kwalba, ka ci har cikinka ya ƙulle, da safe kuma ka ƙi haɗa ido da kowa. Na rubuto a fili ne don na san tsararrakinka da yawa haka suke.

Ba yunwa ce ke tashinka ba, ido ne ya gani ƙwaƙwalwa ta amsa. Akwai wani sinadari, dofamin, da ke motsawa da zarar mutum ya ci karo da alamar abin da ya taɓa yi masa daɗi, ko hoton shawarma ne, ko ƙamshin tsire. A Amurka, Eric Stice da abokan aikinsa a jihar Oregon sun sa matasa cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna nuna musu tallan abinci. Waɗanda sashen marmari na ƙwaƙwalwarsu ya fi zabura, su suka fi ƙara ƙiba bayan shekara guda. Kent Berridge na Jami'ar Michigan kuma ya nuna cewa abin da ke ingiza mutum ya nemi abinci daban yake da abin da ke sa ya ji daɗinsa. Shi ya sa kake ci gaba da turawa alhali daɗin ya riga ya tafi. Sashen ƙwaƙwalwa na wajen goshi kuwa, mai cewa "ya isa haka", ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Mota ce mai totur da birkinta bai gama kamawa ba.

Mu a gidan kakanka, Allah ya jiƙansa, ba mu san dofamin ba, amma mun san akushi ɗaya. A zaure ake zama, a wanke hannu, a yi bisimilla, kowa ya ci gabansa, ba mai taɓa nama sai babba ya raba. Ya taɓa kama ƙaramin kawunka yana tafe a layi yana gaigayar ƙuli-ƙuli. Bai dake shi ba. Ya sa shi ya zauna a tabarma gaban baƙi, ya kawo ruwa, ya ce to ci a mutunce. Har yau, da furfurarsa, ba ya iya kai ko gyaɗa baki a tsaye. A wancan zamanin, abinci yana da lokaci, yana da wuri, yana da shaidu.

Ku fa? Ƙarfe ɗayan dare kuna kwance kuna kallon wani ƙato a TikTok yana lamushe kaji, sannan ku yi mamakin me ya tashe ku! Ga rashin barci, wanda shi kansa yana ƙara sinadarin da ke sa jin yunwa. Tun kana Islamiyya aka koya maka raba ciki uku, na abinci da na ruwa da na numfashi. Ina karatun ya tafi?

Ban ce ka yi ta kokawa da zuciyarka ba, za ta kayar da kai. Kawar da abin daga gabanka. Wayar ta kwana a falo, kada ka ajiye kayan kwalama a ɗaki, kada kuma ka ƙi karin kumallo wai don ka rama na jiya, don ramuwar ita ke dawo da kai da dare. In kuwa abin ya kai ka ji ba ka iya tsayawa, kana ci a ɓoye kana jin kunya, to lalura ce, tun 2013 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa ta cikin jerin cututtuka, kuma tana da magani. Ka faɗa wa mahaifiyarka, ko ka zo mu je asibiti tare.

Naka,
Kawunka