KOMAWA GA TSOHON LITTAFI

'Yan'uwana malamai da ɗalibai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata kunya ce da na sha a cikin aji. Ina yi wa 'yan ajin ƙarshe bayanin littafin Shaihu Umar da ka, domin na karanta shi tun ina yaro, ina tsammani na san shi ciki da bai. Sai na ce musu wai daga ƙarshe Umar da uwarsa sun komo gida tare. Wani ɗalibi ya miƙe cikin ladabi ya ce, "Gafarta Malam, ai uwar ba ta komo ba, can ta rasu a ƙasar Larabawa." Gaskiyarsa. Ashe zuciyata ce ta gyara ƙarshen labarin yadda take so. A daren nan na ɗauko littattafai uku da na fi ƙauna da ƙuruciya, na yi niyyar in sake karanta su in ga ko suna nan yadda na bar su.

Ku fara sanin asalinsu. A 1933 ne Ofishin Fassara na Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ya sa gasar rubuta labari da Hausar boko. Littattafai biyar suka fito daga gasan nan: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sa'ad da aka buga Shaihu Umar a 1934, mai shi matashin malami ne a Midil ta Bauchi, shekarunsa ba su wuce 22 ba. Shi ne ya zama Firayim Minista a 1957, aka kashe shi a watan Janairu 1966, kabarinsa kuwa yana nan cikin garin nan namu.

Na fara da Ganɗoki, gama shi ne gwanina a da. Kashin farko, inda ake zancen yaƙin Kwantagora da zuwan Turawa, har yanzu yana motsa jini, kirarinsa kuwa sai a karanta da ƙarfi a ji daɗinsa. Amma da jarumin ya shiga ƙasar aljanu sai na iske ina hamma. Faɗa ɗaya ne ake ta maimaitawa, kullum shi ke da nasara. Har wa yau na lura da abin da ban lura da shi ba da: mutanen da ake kai wa hari ba a ba su bakin magana ba ko kaɗan.

Ruwan Bagaja bai tsufa ba. Na yi dariya a wuraren da na yi dariya da, musamman rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Sai dai yanzu dabarar marubucin ta fi ba ni sha'awa bisa dabarar Alhaji. Yawancin wayon Alhaji cuta ce, kuma malamin da ya karanta wa yara shi bai tsaya ya tambaye su ra'ayinsu kan wannan ba, ya yi rabin aiki.

Shaihu Umar kuwa, wanda na ɗauka mai sanyi ne da, shi ya hana ni barci. Da ƙuruciya yaron nake bi: yadda aka sace shi, aka kai shi Kano, Balarabe Abdulkarim ya ƙetare hamada da shi, ya yi karatu, ya komo ya zauna a Rauta kusa da Bauchi yana koyarwa. Yanzu da na haifa, uwar nake bi. Ta bar gida neman ɗanta, aka yaudare ta, aka bautar da ita, aka sayar, ta gan shi da ƙyar, sa'an nan ta cika. Marubucin bai yi wa'azi kan bauta ba, ya dai nuna ta a fili. Aibin littafin shi ne Umar kansa ba ya yin kome sai abin da aka yi da shi, kuma dace ya yi yawa a ciki. Duk da haka shi ne ya fi sauran ƙarko a wurina.

To, darasi ke nan. Littafin bai sake ba, mai karatu ne ya sake. In za ku koma ga tsohon littafi, ga shawarata:

1. Kafin ku buɗe, ku rubuta abin da kuka tuna a takarda.

2. Ku karanta daga farko har ƙarshe, kada ku tsallake zuwa wuraren da kuka fi so.

3. Ku gwada takardarku da littafin, ku ga abin da kuka manta da abin da kuka ƙara.

4. Ku tambayi kanku, wa aka ba bakin magana a labarin, wa aka hana?

5. Ku karanta shafi ɗaya da ƙarfi, gama kunne yakan kama abin da ido ya wuce.

Ku da za ku fita koyarwa baɗi, ku tuna yaran ƙauye ba su da wanda zai miƙe ya gyara muku kuskure kamar yadda aka gyara mini. Abin da kuka faɗa shi za su riƙe har su tsufa. Don haka kada ku shiga aji da littafin da kuka rabu da shi shekara goma sai kun sake zama da shi. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Aikin hutu: kowa ya zaɓi littafi ɗaya ya bi matakan nan biyar, ya kawo mini shafi biyu in mun komo. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.