Waƙoƙin Abinci: Darasi Daga Ƙofar Ɗan Agundi

Mu 'yan makaranta mukan zaci waƙa sai wadda malamai suka tsara a takarda. Amma wanda ya tsaya da sassafe a Ƙofar Ɗan Agundi, a kudancin badalar Kano, lalle kunnensa zai koya masa abin da allo bai koya masa ba. Waƙoƙin abinci da mukan ji a nan iri uku ne.

Na farko waƙar talla. Yarinya mai ƙosai ko waina ba ta faɗin sunan kayanta kurum, sai ta yi musu kirari, ta ja murya a gaɓar ƙarshe don ta ratsa zaure ta kai cikin gida. Matan kulle kuwa da muryar suke gane mai tallan, ba da fuska ba.

Na biyu waƙar daka. Sa'ad da mata biyu ko uku suka haɗu a turmi guda suna lugude, taɓarya ita ce ganga. Kowane ɗango sai ya faɗi daidai da saukarta, wadda ta kuskure kari kuwa taɓaryarta ta yi karo da ta 'yar'uwarta. Ashe ma'aunin waƙa da muke wahalar koya a aji, su a hannu yake.

Na uku waƙar niƙa. Ita a hankali take tafiya kamar dutsen, a cikinta mace kan saka kukanta, ko habaici ga kishiya, watau abin da ba ta iya faɗi a fili.

Kada mu ce wannan ba ilmi ba ne. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya rasu a Kete Karachi a 1934, babban malami ne, amma a Waƙar Talauci da Wadata bai ƙi duba akushin matalauci ba.

To, ga abin tsoro. Inji ya karɓe aikin dutsen niƙa, waƙar kuwa ba ta zama inda aikinta ya tashi. Saboda haka idan mun tafi hutu, kowa ya zauna gaban kakarsa, ya rubuto waƙa ko da guda, da sunan unguwar, da aikin da ake yi da ita. In mun komo mu karanta wa juna, gobe kuma mu koya wa almajiranmu.

Allah ya sa mu dace, amin.